ƊAUKAR HOTON WEL DAGA JIRGIN RUWA: YADDA AKE ƘIDAYA MANYAN DABBOBIN TEKU

Gabatarwa

Yawancinmu a nan Arewa ba mu taɓa ganin teku ba. Ruwan da muka sani shi ne na Kwara da Binuwai, sai tafkuna da madatsun ruwa. Amma kimanin kashi 71 cikin 100 na fuskar duniya ruwa ne ya rufe shi, kuma a cikinsa ne dabbar da ta fi kowace girma take zaune. Sunan wannan dabba wel. A wannan darasi za mu duba abu uku: mene ne wel, yaya ake ɗaukar hotonsa daga jirgin ruwa, kuma me ya sa hoton wutsiyar dabba guda zai iya zama abu mai daraja ga masana. Ɗalibai su riƙe biro da takarda, domin akwai lissafi a gaba.

1. Wel ba kifi ba ne

Mutane da yawa suna cewa "kifin wel", to amma wel ba kifi ba ne. Kifi yana samun iska daga cikin ruwa, yawancin kifaye kuma ƙwai suke yi. Wel kuwa huhu gare shi kamar mu, tilas ya taso sama ya shaƙi iska ta hancinsa da ke bisa kansa, in ba haka ba ya nutse ya mutu. Macen tana ɗaukar ciki, ta haihu, ta shayar da ɗanta nono. Jininsa mai ɗumi ne, kitse mai kauri kuma ke kāre shi daga sanyi. Wutsiyar kifi a tsaye take, yana kaɗa ta dama da hagu. Ta wel a kwance take, yana kaɗa ta sama da ƙasa. Masana kimiyyar halittu sun gano cewa a cikin dabbobin da ke raye yau, dorina ce ta fi kusa da wel. Haka nan ayun da masunta suka sani a kogin Binuwai, shi ma dabbar ruwa ce mai shayarwa, ko da yake danginsa daban ne.

Wel iri biyu ne manya. Akwai masu haƙora, akwai kuma waɗanda a madadin haƙora suke da wani abu kamar mataji a baki, wanda aka yi da irin abin da ke cikin farcenmu. Da shi suke tace ruwa su kama ƙananan kifaye da ƙananan jatan lande. Shuɗin wel, wanda ya fi duka girma, yakan kai mita 30 a tsawo, nauyinsa kuma ya haura tan 150, wato kamar toron giwa 25 ke nan a haɗe. Wanda za mu fi magana a kansa shi ne wel mai doro. Tsawonsa mita 12 zuwa 16 ne, yana da dogayen fikafikan iyo, kuma an san shi da tsalle sama da ruwa da kuma wata doguwar ƙara mai daɗin ji da mazan ke yi, wadda ake kira waƙa.

Wannan wel mai doro maƙwabcinmu ne. Kowace shekara, daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba, waɗansunsu sukan baro ruwan sanyi na Antatika su zo Mashigin Tekun Gini domin haihuwa. Ana ganinsu a gaɓar Gabon, da Benin, da Togo, da Ghana, har da tamu ta Nijeriya.

2. Me ya kawo bukatar ƙidaya?

A ƙarni na 20 an kashe wel kusan miliyan 3 domin mansa da namansa. Shuɗin wel na Antatika ya ragu daga fiye da 200,000 zuwa 'yan ɗaruruwa. A shekarar 1946 ƙasashe suka kafa Hukumar Kula da Farautar Wel ta Duniya. A 1982 hukumar ta yanke shawarar dakatar da farautar kasuwanci, dokar kuma ta soma aiki sosai a 1986. Ba kowa ne ya bi ba: Norwe ta ci gaba da farauta, Japan kuma ta fice daga hukumar a 2019 ta koma farauta a ruwanta.

Tambayar da ta taso ita ce: nawa suka rage, kuma suna ƙaruwa ne ko raguwa? Ba a iya tara wel a garke a ƙidaya shi kamar shanu. Mafi yawan lokacinsa a ƙarƙashin ruwa yake, yana kuma tafiyar dubban kilomita. Tun shekarun 1930 masu bincike suna harba wani ɗan ƙarfe mai lamba cikin kitsen wel, amma ba a sake ganin ƙarfen sai ranar da mafarauta suka kashe dabbar suka feɗe ta. Wato sai ta mutu kafin a san inda ta bi. Ana bukatar hanyar da za a gane dabba tana raye, ba tare da an taɓa ta ba. Kyamara ce ta kawo wannan hanya.

3. Kowane wel da shaidarsa

Bafulatani mai kiwo ba ya rikita shanunsa. Ya san kowace da launinta, da siffar ƙahonta, da tabon da ke jikinta. Wannan hikima ce masu binciken wel suka yi amfani da ita.

A farkon shekarun 1970 Roger Payne, wani masani Ba'amurke, ya soma ɗaukar hoton wani irin wel a gaɓar Ajantina. Wannan iri yana da kanta a kansa, wato fata mai kauri da ƙananan ƙwari farare ke zama a kai. Payne ya lura cewa tsarin kantar kowane ɗaya daban yake. A daidai wannan lokaci Michael Bigg na ƙasar Kanada ya gano cewa ana iya gane kowane oka, wato wel mai haƙora mai launin baƙi da fari, ta siffar fiffiken bayansa da wani tabo mai ruwan toka da ke bayan fiffiken. Mutane suna zaton akwai dubbai a gaɓar yammacin Kanada, amma aikin Bigg ya nuna 'yan ɗaruruwa ne kawai. Wannan sakamako ya taimaka aka daina kama su ana sayar wa gidajen kallon dabbobin ruwa a wannan yanki.

Shi kuwa wel mai doro, shaidarsa tana ƙarƙashin wutsiyarsa. Waɗansu wutsiyarsu fara ce fat, waɗansu baƙa ƙirin, yawanci kuma gaurayen biyun. Ga kuma tabon cizon oka, ga zagayen tabon da dodon koɗin teku ke bari, ga bakin wutsiyar mai tsage-tsage kamar zarto. Ba a samun biyu iri ɗaya, kamar yadda zanen yatsan mutum biyu ba ya zama ɗaya. A 1977 Steven Katona da abokan aikinsa, a wata kwaleji da ke garin Bar Harbor na jihar Maine a Amurka, suka fito da kundin hotunan wutsiya na farko mai ɗauke da wel 120. Yau kundin ya haura 10,000.

4. Shiri kafin a shiga jirgi

Abu na farko shi ne ran mai ɗaukar hoto. Rigar kariya daga nutsewa tilas ce. A sa takalmi mai roba wanda ba ya santsi, a ɗauki hula da rigar sanyi, domin iskar teku tana da sanyi ko rana na haskawa. Jiri da tashin zuciya sukan kama baƙon teku. Maganinsa a ci abinci kaɗan marar maiƙo, a zauna wajen tsakiyar jirgi inda rawa ba ta da yawa, a riƙa kallon nesa inda sama ta haɗu da ruwa.

Na biyu, kayan aiki. Ana bukatar kyamara mai idon da ke jawo nesa kusa, wanda ya kai milimita 300 ko 400. Wanda ya fi haka tsawo yana da wuyar riƙewa a jirgin da ke tangaɗi. Maɗorin nan mai ƙafa uku ba shi da amfani a nan, gama zai kwashe girgizar inji da ta raƙuman ruwa ya kai wa kyamara. A rataya igiyar kyamara a wuya. Ruwan gishiri abokin gāban ƙarfe da gilashi ne, saboda haka a tanadi jakar leda da tsumma mai laushi. A kuma ɗauki batir na biyu, da madubin hangen nesa, da littafin rubutu da fensir, tun da tawada takan dame in ta jiƙe.

Na uku, saitin kyamara. Kyamara tana da wani murfi a ciki da ke buɗewa ya rufe kamar ƙiftawar ido. Idan ƙiftawar ta yi jinkiri, abin da ke motsi zai fito dishi-dishi. A kan teku kuwa abu uku ne ke motsi lokaci guda: dabbar, da jirgin, da hannun mutum. Don haka ake saita ƙiftawar ta zama kashi 1 cikin 1,000 na sakan, ko ma fiye da haka sauri. A kuma saita kyamara ta riƙa ɗaukar hotuna a jere muddin yatsa na kan maɓalli. A yi duk wannan tun a tudu, domin wel ba zai tsaya jiran kowa ba.

5. A kan ruwa

Neman wel. Alamar farko ita ce feshinsa. Idan ya taso, yakan fitar da numfashi da ƙarfi, iskar mai ɗumi ta zama kamar hayaƙi. Feshin wel mai doro yakan kai wajen mita 3, a baje kamar ƙaramin itace. Na shuɗin wel dogo ne siriri, yana kai mita 9. Na mai kanta ya rabu biyu kamar harafin V. Taron tsuntsaye a wuri guda ma alama ce, domin inda ƙananan kifaye suke nan wel yake kiwo.

Kusantarsa. A nan akwai doka. A Ostareliya jirgi ba ya matsawa kusa da wel fiye da mita 100. A Hawai da Alaska na Amurka tazarar wel mai doro yadi 100 ce, wato kimanin mita 90, ta wel mai kanta na Arewacin Atlantika kuwa yadi 500. Matuƙi nagari yana zuwa a hankali daga gefe, ɗan baya kaɗan. Ba ya tare wa dabba gaba, ba ya korarta, ba ya shiga tsakanin uwa da ɗa. Idan wel da kansa ya matso, sai a tsai da farfela har ya wuce. Dalili kuwa shi ne, uwa mai shayarwa a wurin haihuwa kusan ba ta cin komai, da kitsen jikinta take rayuwa har ta koma ruwan sanyi. Duk ƙarfin da ta ɓata wajen gudun jirgi, daga abincin ɗanta aka rage shi. Hoton da aka samu ta hanyar wahalar da dabba ba abin yabo ba ne.

Tsayuwa. A buɗe ƙafafu, a ɗan lanƙwasa gwiwa domin ta shanye rawar jirgi, a manne gwiwar hannu a jiki. In da hali rana ta kasance a bayan mai ɗauka, in ba haka ba wutsiyar za ta fito baƙa ba tare da zane ba. Ƙwararru sukan bar ido biyu a buɗe, ɗaya a kyamara ɗaya yana duba ruwa.

Lokacin latsawa. Wannan shi ne zuciyar aikin. Wel mai doro yakan yi numfashi sau da dama a jere, yana ɗan nutsewa yana tasowa. Sa'an nan sai a ga ya ƙara gantsare bayansa fiye da dā, gindin wutsiya ya taso. Wannan ita ce alamar zai yi doguwar nutsewa. Wutsiyar za ta ɗaga sama, ta nuna ƙasanta na sakan biyu ko uku, ta shige. Wanda ya jira sai ya ga wutsiya kafin ya ɗaga kyamara ya makara. Tun daga gantsarewar ake soma latsawa. Hoton da ya fi amfani shi ne wanda aka ɗauka daga baya sosai, ɓangarorin wutsiya biyu a fili, babu dishi-dishi. Bayan ya nutse yakan bar wani fili sumul a kan ruwa kamar an zuba mai, sa'an nan sai a jira minti biyar ko goma ko fiye. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi ke dafa dutse.

Rubutu. Nan take a rubuta rana, da lokaci, da wurin da aka ga dabbar, da yawansu, da ko akwai ɗa. A zamanin fim masu bincike sukan ɗauki hoton sama ko na takarda tsakanin wel ɗaya da na gaba domin kada su gauraya. Hoto mai kyau wanda ba a san ranarsa da wurinsa ba kamar wasiƙa ce marar adireshi.

6. Daga hoto zuwa lissafi

A dā, idan an dawo tudu, sai a wanke fim, a zauna da madubin ƙara girma ana gwada sabon hoto da dubban tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. An kasa wutsiyoyi gida biyar, daga fara zalla zuwa baƙa zalla, domin rage wahala. A 2015 aka kafa wani shiri mai suna Happywhale, inda kowa ke iya aika hotonsa, kwamfuta kuma ta nemo mai kama da shi cikin ɗan lokaci.

Ga yadda ake samun jimilla. Wannan misali ne kawai domin koyo. A ce bara an ɗauki hoton wel 200 daban-daban a wata gaɓa. Bana aka koma aka ɗauki 150, da aka gwada sai aka tarar 30 daga cikinsu an gan su bara. Wato ɗaya cikin biyar na wel ɗin bana sananne ne. Idan haka ne, 200 na bara su ma kimanin ɗaya cikin biyar ne na dukan garken. A ninka 200 da 150, a raba da 30, amsa 1,000.

Lissafin yana da sharuɗa. Tilas dabbobin su gauraya sosai tsakanin ƙidaya biyun, shaidarsu kada ta sāke, kuma kowace ta sami dama iri ɗaya ta shiga hoto. Idan akwai waɗanda ba su cika ɗaga wutsiya ba, amsar za ta gaza gaskiya. Idan kuma mai gwadawa ya kasa gane hotuna biyu na dabba ɗaya saboda dishi-dishi, lambar da ake rabawa da ita za ta ragu, amsar ta kumbura, a yi zaton dabbobin suna da yawa alhali kuwa suna ƙarewa. Kun ga ke nan dalilin da ya sa ake nacewa a kan hoto mai tsabta.

7. Abin da hotuna suka bayyana

Wata macen wel mai doro da aka laƙaba wa suna Salt, wato Gishiri, saboda farin da ke fiffiken bayanta, an soma ganinta a gaɓar Massachusetts tun tsakiyar shekarun 1970. An bi ta fiye da shekara 40, an ƙidaya mata 'ya'ya fiye da goma, har da jikoki.

Wata macen kuma an ɗauki hotonta a gaɓar Brazil a 1999. A 2001 wani ɗan yawon buɗe ido daga Norwe ya ɗauke ta a Madagaska, tazarar kilomita 9,800, bai kuwa san darajar abin da ke hannunsa ba sai bayan shekaru da aka ci karo da hoton. Wani namiji da aka gani a gaɓar Kolombiya ta Tekun Pasifik a 2013 da 2017 ya ɓulla a Zanzibar a 2022, tazarar da ta haura kilomita 13,000.

Akwai labarin da ba daɗi. Wani bincike na 2024 da aka gina a kan hotunan wutsiya ya nuna cewa wel mai doro na Arewacin Pasifik ya ragu da kimanin kashi 20 cikin 100 tsakanin 2012 da 2021, bayan wani matsanancin ɗumin ruwan teku na 2014 zuwa 2016 da ya rage abincinsu. Wel mai kanta na Arewacin Atlantika kuwa, kimanin 370 ne suka rage a ƙidayar 2023. An san kusan kowannensu da lamba, tabon da ke jikinsu kuma ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 sun taɓa sarƙewa a igiyar masunta. Irin wannan shaida ce ta taimaka aka kafa dokar rage gudun manyan jirage a waɗansu wurare da lokuta a gaɓar gabashin Amurka.

Wannan dabara tana aiki a tudu ma. A yankin Kure, kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, da hoton zanen jiki ake gane kowane raƙumin dawa. A 1996 kimanin 50 ne suka rage, amma da ƙidaya da kariya sun haura 600 cikin shekara 20 da 'yan kai.

Kammalawa

Littafin Farawa sura 1 ya sa halittar manyan dabbobin teku a rana ta biyar, sura 2 kuma ta nuna an ba mutum aikin kula da gonar da aka sa shi ciki. Littafin Yunusa ya yi maganar babban kifi ba tare da faɗin irinsa ba, saboda haka kada mu ƙara abin da ba a rubuta ba. Abin da ke a fili shi ne, mai riƙon amana ba zai iya ba da lissafin abin da bai ƙidaya ba. A Yahaya sura 10 Ubangijinmu Yesu ya kwatanta kansa da makiyayin da ya san tumakinsa ɗaya-ɗaya. Kulawa ta gaskiya daga sani take farawa.

Ba dukanmu ne za mu hau teku ba, amma halayen wannan aiki suna hannun kowa: shiri tun da wuri, haƙuri, lura, rubuta gaskiya, da tausayin abin da ba ya iya magana. Ayu da dorina da giwayen Yankari suna bukatar masu irin waɗannan halaye. Allah ya tā da su daga cikin ɗalibanmu. Amin.

Tambayoyi da aikin aji

1. Kawo bambanci huɗu tsakanin wel da kifi.
2. Me ya sa ba a amfani da maɗori mai ƙafa uku a jirgin ruwa?
3. Wace alama ce ke nuna wel mai doro zai ɗaga wutsiya?
4. An ɗauki hoton wel 120 bara, 90 bana, 18 sun fito sau biyu. Nawa ne kimanin jimillarsu?
5. Ku cika gwangwanin madara da wake. Ku ɗebi ƙwaya 60 ku sa musu alama da biro, ku mayar, ku gauraya sosai. Ku rufe ido ku sāke ɗiban 60, ku ƙidaya masu alama, ku yi lissafin sashe na 6. Daga nan ku zube waken duka ku ƙidaya, ku gwada da amsarku. Ku maimaita sau uku, ku bayyana dalilin da ya sa amsoshin suka bambanta.